Gyaran Akori-Kura Don Tsimin Mai: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

'Yan'uwa fataken shanu, da dillalai, da masu masauki, da direbobinmu na Salaga da Yendi da Bawku, har da na ƙetaren iyaka waɗanda wannan takarda za ta faɗa hannunsu. Maganar da muke tafe da ita a wannan fitowa ita ce ta gyare-gyaren da wasunmu ke sa masu walda suna yi wa akori-kura, wai don iska ta daina riƙe mota, mai ya yi auki. Wani ya cire ƙyauren baya ya jingine a gida, wani ya kafa allon kwano a saman kan mota, wani kuwa ya lulluɓe kejin dabbobi da tamfol ruf. Kowa ka tambaya sai ya rantse maka nasa ne daidai. To, ra'ayinmu a taƙaice shi ne: maganar iska gaskiya ce, kuma akwai kuɗi a cikinta, amma ribar tana kan kwalta ne da kuma lokacin da mota ke dawowa fanko. Duk gyaran da zai hana dabba shan iska, ko ya hana inji hucewa, to asara ce aka yi wa kwalliya.

Ba mu ga laifin wanda ya shiga neman dabara ba. Kakanninmu da suka riƙa koro shanu da ƙafa daga ƙasar Mosi da ƙasar Hausa zuwa kasuwar Salaga su koma da goro, lissafinsu na kwanaki ne da ramar dabba a hanya. Mu kuwa namu lissafin ya koma na lita. Tun shekarar 2015 gwamnatin Gana ta sakar wa kamfanoni farashin mai, ana sake duba shi sau biyu a wata. A farkon 2022 litar man dizal tana wajen sidi 7, kafin watan Nuwamba na wannan shekara ya ƙare ta haura sidi 23. A 2023 kuma Nijeriya ta janye tallafin man fetur, ɗan sauƙin da ake samu ta wajen Benin da Togo ya ja baya. Wanda ya sha waɗannan shekaru, ko farashi ya sauko, ba zai sake kallon allurar mai da idon da ba.

Bari mu fara da yadda iska ke cin mai, domin in ba a gane wannan ba, sai mai walda ya yi ta cin kuɗinmu a banza. Kowa ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san iska tana da ƙarfi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarfin nata yana hawa fiye da yadda gudun ke hawa. In ka ninka gudu sau 2, turjiyar iska sau 4 take ninkuwa. Motar da ta tashi daga kilomita 80 a awa ta koma 100, iskar da take turewa ta ƙaru da fiye da rabi, watau kashi 56 cikin 100. Ga kuma hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, watau tana fuskantar duk wanda ya sauke kaya a kudu ya kamo hanyar gida. A ce kana kan 90, iska kuma tana zuwa maka da 20, to motarka da iskar 110 take kokawa, nauyin ya ƙaru da kusan rabi alhali allurar gudu ba ta motsa ba.

Daga nan sai mu raba hanyoyinmu gida biyu. Akwai hanyar tattaro dabbobi: burji da gargada, daga ƙauye zuwa ƙauye, daga ruga zuwa kasuwa, a kewayen Salaga da Bimbila da Gushegu da Garu da Pusiga, inda direba ba ya wuce 30 ko 40. A irin wannan gudu iska ba ta da wani kaso na a zo a gani. Abin da ke shan mai a nan shi ne nauyi, da yashi, da ramuka, da zama a ƙaramar giya. Wanda duk aikin motarsa a nan yake, ya riƙe kuɗinsa, ko fiffiken jirgin sama aka sa masa ba zai ga canji ba. Sa'an nan akwai doguwar kwalta: Bawku zuwa Bolga, Bolga zuwa Tamale, a miƙe ta Buipe da Kintampo da Techiman har Kumasi, ko a zarce kasuwar Turaku ta Ashaiman. Manyan motoci ne ke kwasar garke a wannan hanya, amma akori-kura ma tana binta, da raguna lokacin Layya, ko da shanu biyu zuwa uku na gaggawa, ko da maigida da yaransa da dusa. A nan ne, daga 70 zuwa sama, iska ke zama babbar mai cin mai, kuma a nan ne gyara ke biyan kuɗinsa.

Kada wani ya raina aikin kwano da guduma. Bayan rikicin man fetur na 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka tsuke mai, wani injiniya mai suna Edwin Saltzman na hukumar NASA ta Amurka da abokan aikinsa sun ɗauki wata tsohuwar mota suka kewaye ta da fallayen alminiyom, ta zama akwati sak mai kusurwoyi masu kaifi. Suka auna turjiyarta. Daga baya suka lanƙwasa kusurwoyin suka mai da su kamar gefen ƙwarya, suka sake aunawa, sai ga turjiyar ta faɗi da fiye da rabi. Irin wannan bincike yana cikin dalilan da suka sa kan tirelolin zamani ya zama mai santsi, da hula a samansa. Ba su yi wani abin da masu waldarmu na Tamale ko na Magazin ɗin Suame a Kumasi ba za su iya ba. Bambancin kawai shi ne su sun auna kafin gyara, sun kuma auna bayansa.

To, ga maganar ƙyauren baya, wadda aka fi yin gardama a kanta a tasha. Hankali yana ba mutum cewa ƙyauren yana tare iska kamar bango, saboda haka a kwantar da shi ko a cire. Ashe ba haka abin yake ba. In ƙyauren yana rufe, iskar da ke cikin bodi tana yin wata 'yar guguwa tana juyawa wuri guda, sai iskar da ta gangaro daga kan mota ta bi ta samanta ta wuce salin-alin. In aka buɗe, guguwar ta watse, iska ta faɗo cikin bodi ta riƙa jan mota baya. A 2004 wani masani mai suna Kevin Cooper na majalisar bincike ta ƙasar Kanada ya fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa akori-kura a ɗakin gwajin iska, kuma abin da ya nuna ke nan: barin ƙyaure a rufe ya fi. Daɗin daɗawa, ƙyauren nan shi ke riƙe gefunan bodi. Wanda ya cire shi ya bi gargadar Salaga wata shida, zai koma wurin mai walda da bodi a buɗe kamar bakin kada.

Amma fa mu tamu akori-kurar ba irin ta Turawa ba ce mai bodi tsirara. Tamu tana ɗauke da keji, kuma kejin nan shi ne babban ɓarawon mai. Sau da yawa yakan ɗara kan mota tsawo da ƙafa biyu ko uku, wani ma ya fi ta faɗi. Iska ta haye gilashi, maimakon ta wuce sai ta ci karo da ƙarfe. Gyara uku muke ganin sun dace a nan. Na farko, kada keji ya wuce faɗin kan mota, tsawonsa kuma iyakar abin da dabba ke bukata ta tsaya ba ta sunkuya ba. Na biyu, a sa hula a saman kan mota, watau allo mara nauyi da zai tashi daga wajen saman gilashi ya hau a hankali ya tarar da bakin keji, gefunansa a lanƙwashe, a ɗaure shi da noti mai kyau. Na uku, in za a yi sabon keji a yi shi da bututun ƙarfe mai zagaye, domin iska ta fi zame masa a kan ƙarfe mai kusurwa, ga shi kuma ba ya yankar fatar dabba in mota ta yi tsalle.

Babbar ribar kuwa tana wajen dawowa. Mu duba tsakaninmu da Allah, rabin tafiyarmu fanko muke yinta, ko da ɗan gishiri da buhunan dusa. Me zai sa mu riƙa jan keji tsaye kilomita 600 muna dukan hunturu da shi babu ko akuya a ciki? In an haɗa keji da noti maimakon walda, ko aka yi masa maƙalai yadda gefunan za su kwanta, yara biyu sun isa su naɗe shi cikin ɗan lokaci. Bayan nan a ja tamfol a rufe bodin daga bayan kan mota zuwa ƙyaure, a ɗaure tam kamar fatar ganga. Wanda ke son ya ƙara, ya sa sanduna a ƙarƙashi yadda rufin zai gangaro daga saman kan mota zuwa baya. Sai dai gangaren ya zama mai sauƙi, misalin saukar ƙafa 1 a kowace ƙafa 5. In ya fi haka tsayuwa, iska takan rabu da shi, aikin ya tashi a tutar babu. Tamfol mai sako-sako kuwa, wanda ke kaɗawa yana fat-fat a hanya, gara babu shi, domin laima ce ka buɗe wa iska. Haka kariyar saman mota da aka jibga wa jarkoki da taya da tabarmi: duk abin da zai iya shiga bodi a sauko da shi.

Yanzu ga inda muke roƙon kowa ya buɗe kunne. Akwai masu cewa tun da keji mai ramuka yana kama iska, a toshe gefunan da kwano ko tamfol ko da dabbobi na ciki. Wallahi wannan ganganci ne. Saniya tana fitar da zafi da tururi daga jikinta kamar murhu, iskar da ke ratsa keji ita ke kwashe su. Masana jigilar dabbobi sun gano cewa a mota mai tafiya iska takan shiga ta baya ne ta yi gaba, ta fita ta ramukan gefe na kusa da kan mota, kuma wurin da ya fi zafi shi ne can gaba, bayan allon kai. Wanda ya toshe gefen gaba ya rufe ƙofar fitar zafi ke nan. Ku tuna a watan Maris da Afrilu zafin Bawku yakan haura digiri 40. Ku tuna kuma motarmu ba kullum take tafiya ba. Akwai tsayuwar shinge, akwai jiran takardun likitan dabbobi da na kwastan a Kulungugu ko Paga, akwai zaman jiran jirgin fito a Makango ga wanda ya bi ta Salaga zai haye Yeji. Da mota ta tsaya iska ta tsaya. Rufaffen keji a tsakar rana tanda ne. Inuwa a sama, wannan daidai ne, amma gefe na dabba ne, ba a taɓa shi.

Ba dabba kaɗai ba. Yaranmu masu rakiya a bayan mota suke zama. Bayan mota mai gudu yana zuƙo iska, kuma in an rufe bodi aka bar kafa ta baya, hayaƙin salansa yakan biyo ya taru a ciki. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, barci take sa mutum, wani daga barcin sai lahira. Rufin da muka ambata na fanko, ba a sa ɗan Adam a ƙarƙashinsa.

Sai inji. A ƙasashen sanyi akwai masu toshe ragar gaban mota don rage turjiya, kuma yana yi musu aiki, domin su ƙanƙara ke zuba musu. Wanda ya kwaikwayi wannan a ƙasarmu, ya hau tudun Nakpanduri da lodi, to ya tanadi kuɗin sabon inji, domin lagireto ba ya wasa da iskarsa. Haka masu shimfiɗa kwano a ƙarƙashin mota: a kwalta yana da ɗan amfani, amma a burji dutse zai yage shi, busasshiyar ciyawa kuma ta taru tsakaninsa da salansa mai zafi, sai dai a ga hayaƙi. Madubin gefe ma an ce wasu na cirewa. Wannan ba ma sai mun ɓata tawada a kansa ba.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Daga Bawku zuwa Kumasi wajen kilomita 600 ne da 'yan kai. Mu ƙaddara, don misali kawai, motarka tana shan lita 12 a kowace kilomita 100. Zuwa da dawowa wajen lita 150 ke nan. In gyara da kyakkyawan tuƙi suka rage maka kashi 10 cikin 100, ka tsira da lita 15 a tafiya guda. Mai yin tafiya 2 a wata ya tara lita 360 a shekara. Kuɗi ne, ba mu raina ba. To amma ɗora kuɗin lita 15 a sikeli guda, ka ɗora bijimi ɗaya da ya faɗi a mota a ɗaya gefen. Ko bai mutu ba, dabbar da ta iso a galabaice, ido ya faɗa, baki na dalala, mahauci daga nesa yake gane ta, kuma kowa ya san irin tayin da zai yi. Sau da yawa ma shanun ba namu ba ne mu kaɗai, amana ce ta wani Bafillace a Bitu ko Puitenga da ya yarda da mu ba takarda. Araha ba ta ado.

Gyaran da ya fi kowanne arha kuwa yana ƙarƙashin ƙafar direba. Sauka daga 100 zuwa 80 ba ya bukatar walda ko noti, kuma dokar hanya ta Gana ta 2012 ma iyakar da ta yanka a babbar hanya 90 ce, cikin gari 50. Mun san abin da direbobi za su ce, kuma suna da hujja: daɗewa a hanya wahala ce ga dabba, kasuwa kuma ba ta jiran kowa. Gaskiya ne. A kilomita 600, bambancin 100 da 80 awa ɗaya da rabi ne. Amsarmu ita ce a nemo wannan lokaci a wani wuri: a gama takardu tun jiya, a yi lodi da sanyin asuba, a rage zaman shayi a hanya. A dawowa fanko kuwa babu dabbar da ke wahala, babu kasuwar da za ta watse, saboda haka babu dalilin taka totur. Sannu ba ta hana zuwa. Mu ma iyayen gida da namu: direban da ya san duk abin da ya rage na mai aljihun maigida zai koma, ba zai damu ba. A ba shi kasonsa cikin abin da ya tsimanta, za a ga aiki.

A haɗa da ƙananan abubuwa. A duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, da ma'aunin mai faci, ba da dukan ƙafa ba, domin taya mai laushi tana jan mai, tana kuma fashewa. A kaɗe ko a canja matatar iska akai-akai lokacin ƙura. A sauke tarkacen ƙarfen da ba a bukata, kuma duk gyaran da za a yi ya zama da abu mara nauyi, kada a rage iska a ƙara lodi. Masu yawo da maganaɗisun da ake maƙalawa a bututun mai, ko ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, a ba su haƙuri. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100, ba ta sami wadda ta yi wani tasiri na kirki ba.

Duk wannan magana, gani ya kori ji. Hanyar awo ba ta da wuya. Cika tanki fal a gidan mai guda, rubuta lambar kilomita. In ka dawo, koma famfon nan ka sake cikawa fal, ka rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka ci. Raba lita da kilomita ka ninka da 100. A yi haka sau 3 kafin gyara, sau 3 bayansa, hanya ɗaya, direba ɗaya, lodi kusan ɗaya, kuma gyara ɗaya a lokaci guda don a san wanda ya yi aikin. Wanda mitarsa ta mutu ya yi amfani da tazarar garuruwan da ya sani. Kada a gwada tafiyar damina da ta hunturu a ce an gano wani abu.

A ƙarshe muna da roƙo ga shugabannin ƙungiya. Na ɗaya, kowane reshe, Salaga da Yendi da Bawku, ya ajiye littafi guda inda masu mota za su riƙa rubuta awonsu, bayan wata shida a karanta a taro kowa ya ji. Na biyu, a zauna da masu waldar da muke hulɗa da su a tsai da fasalin keji guda mai naɗewa, a fara gwada shi a mota ɗaya kafin kowa ya zuba kuɗinsa. Na uku, a tuntuɓi ofishin DVLA a ji iyakar abin da doka ta yarda a canja a jikin mota, kada a tsimanta lita 15 a biya ta a shinge, kuma masu ƙetarawa Togo da Burkina su tambayi tasu ƙa'idar. Duk abin da aka kafa a saman mota a ɗaure shi ɗaurin gaske, domin allon kwano da ya ɓalle a guje wuƙa ce ga mai babur da ke biye. Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, a sa doka a wurin lodi: duk motar da aka toshe wa gefen keji, kada a ɗora mata ko ɗan maraƙi, ko ta wane ne.

Dabbar nan ba ta da bakin da za ta ce zafi ya ishe ta, kuma za a tambaye mu a kanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Wassalam.